Bin Sawun Makaɗan da Ba Sa Son Sauka

Tikitin da ya tayar da tafiyar nan na ranar 12 ga Yuli, 2024 ne. Bruce Springsteen, mawaƙin rok ɗan Amurka, zai yi wasa da tawagarsa ta E Street Band a filin wasannin Olamfik na Helsinki, babban birnin Finland, filin da ya taɓa kwashe awa 4 da minti 6 yana waƙa a cikinsa bai sauka ba. Ɗan ƙanwata mai karatu a Jamus ne ya saya mana tikitin ta intanet. Shi bai san dattijon ba, bai kuma damu da kiɗan rok ba. Surutuna ne ya ishe shi, ya ce bari a je a gani ko a huta. Ni kuwa na kafa sharaɗi, ba za a hau jirgin sama a dira a juyo ba. Sai na bi ta ƙasa da ta ruwa, na leƙa wuraren da aka yi irin wannan dogon kiɗa, in ga abin da ke hana makaɗi sauka daga dandamali, da abin da ke sauko da shi ko yana so ko ba ya so.

Na biyun na fara cin karo da shi, a Landan.

Hyde Park fili ne makeke a tsakiyar birnin, ciyawa da manyan itatuwa da tafki. Da bazara akan katange wani sashe a kafa dandamali, kuma na tarar da katangar a tsaye, manyan motoci na shige da fice. A nan ne, daren Asabar 14 ga Yuli, 2012, Springsteen ya haura awa uku yana wasa, sai ga Paul McCartney na The Beatles ya hau ya same shi. Tsofaffin biyu suka shiga zuba waƙa, jama'a na ta ihu. Ana cikin haka masu shirya taron suka kashe makirufo. Mutane na ganin bakin Springsteen yana motsi, yana son ya yi sallama, amma babu abin da ke fita daga lasifika. Lasisin da ƙaramar hukumar Westminster ta bayar ya ce ƙarfe 10:30 a tashi, su kuwa sun zarce.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce rashin ta-ido ne. In ka tsaya a bakin filin ta wajen titin Park Lane ka ɗaga kai, za ka ga tagogin gidaje da otal-otal na Mayfair sun leƙo kan ciyawar, kuma masu kwana a bayan tagogin nan ba irin mutanen da ƙorafinsu ke faɗuwa ƙasa banza ba ne. A manyan birane, kafin gajiya ta kama mawaƙi, maƙwabta sun kama shi. Ga jirgin ƙasa na ƙarshe da dubban mutane za su bi su koma gida, ga masu gadi da aka ɗauka aiki zuwa wani lokaci ƙayyadadde. Kwana uku bayan abin, a Dublin, Springsteen ya sa aka kawo masa wani ƙaton makunnin lantarki na wasa kan dandamali, ya ɗaga shi a gaban jama'a kafin ya fara. Kwana 17 bayan na Landan kuma ya isa Helsinki, inda babu wanda ya taɓa makunni.

Ban wahalar da kaina zuwa Wembley ba, tunda tsohon filin da aka yi taron kiɗan Live Aid a ciki an rushe shi tuntuni an gina sabo. Ranar 13 ga Yuli, 1985 aka yi shi, don tara kuɗin agajin yunwar Habasha, aka fara da tsakar rana a Landan aka ƙare a Philadelphia ta Amurka, kimanin awa 16 ana nunawa a talabijin. Phil Collins har ya yi wasa a Landan, ya hau jirgin Concorde ya tsallaka teku ya sake yi a can. Amma tambayi duk wanda ya kalla me ya fi tunawa, zai ce maka ƙungiyar Queen, su kuwa minti 20 da ɗoriya kawai suka yi. Na riƙe wannan a raina duk tsawon tafiyar, don kada yawan awa ya ruɗe ni.

Inda na je maimakon Wembley shi ne wata tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Trinity Buoy Wharf, gabashin birnin, inda kogin Lea ke zuba cikin Thames. Ka hau matsattsiyar matakala, ka tarar da wani amo na kwanonin tagulla yana fita daga lasifika, sannu-sannu, ba farko ba ƙarshe. Jem Finer, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar The Pogues, shi ya tsara shi, ya sa masa suna Longplayer. An kunna shi a shigowar shekarar 2000, kuma an lissafa yadda ba zai maimaita kansa ba sai ya cika shekara 1,000. Kwamfuta ce ke kaɗawa. Na saurara kaɗan na sauko.

A tashar jirgin ƙasa ta Hamburg yaron ya tarye ni.

"Kawu, sannu da hanya. Amma unguwar da ka ce mu je, ka san ko wace iri ce?"

"Na sani, ɗana. Da rana za mu je."

St. Pauli unguwar 'yan bariki ce, babu wata kwana-kwana. Da hantsi muka bi titin Reeperbahn, fitilun sun mutu, masu shara na wanke bakin hanya da mesa, warin giyar jiya bai gama tashi ba. Yaron ya sunkuyar da kai yana sauri, ni ina binsa ina dariya a ciki. A bakin lungun Grosse Freiheit akwai wani da'irar fili da aka yi shi da siffar faifan garmaho, da mutum-mutumin ƙarfe guda biyar, huɗu a haɗe, ɗaya ya ɗan ware gefe. Can ƙarshen lungun, lamba 64, ga Indra, ɗan ƙaramin kulob mai jan fenti, da allo a bango mai ɗauke da ranar 17 ga Agusta, 1960. Ranar da wasu samari biyar daga Liverpool, wato The Beatles a farkonsu, suka fara wasa a ciki ke nan: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison, Stuart Sutcliffe da Pete Best.

Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da mai wurin, Bruno Koschmider, ta ce awa huɗu da rabi kowane dare, Asabar da Lahadi awa shida, a kan mak 30, kuɗin Jamus na lokacin, kowane mutum a rana. Masu sauraro ma'aikatan jiragen ruwa ne da mashaya da 'yan daba, kuma abin da mai kulob ke so shi ne kada kowa ya tashi, don in an tashi ciniki ya tsaya. Waƙoƙin da yaran suka iya ba su kai su cika rabin daren ba. Dole suka koyi jan waƙar minti uku ta kai minti goma sha, suka koyi ɗauko sabuwa yau su rera gobe, suka koyi tsalle da barkwanci da duk abin da zai sa mai wucewa ya leƙo. Wurin kwanansu wasu ɗakunan ajiya ne a bayan allon wata silima, Bambi Kino, dab da ban-ɗaki. In barci ya taso suna kan dandamali, sai a miƙo musu Preludin, ƙwayar rage ƙiba da ke hana ido rufuwa. Harrison shekararsa 17 a lokacin, kuma a Nuwamban shekarar hukuma ta gano, ta tasa ƙeyarsa gida.

Ko a nan ma maƙwabta ne suka yi nasara. Ƙorafin hayaniya ya sa aka daina kiɗa a Indra, aka mayar da su Kaiserkeller, lamba 36 a wannan lungun, inda suka dinga karɓa-karɓa da wata ƙungiyar daga Liverpool, Rory Storm and the Hurricanes. Mai gangar waccan ƙungiyar shi ne Ringo Starr, wanda daga baya ya zama mai gangar The Beatles. Da suka dawo a 1961 suka yi dare 92 a jere a Top Ten Club, sama da awa 500 a tsaye.

Na tsaya a ƙofar Indra ina yi wa yaron wani lissafi. Ranar 15 ga Agusta, 1965, The Beatles sun cika filin Shea a New York da mutum sama da 55,000, suka rera waƙa 12 cikin kamar rabin awa suka gudu. Wasansu na ƙarshe na tikiti, a San Francisco a 1966, waƙa 11 ne. Wato lokacin da ba su da ko sisi suna yin awa shida, da suka zama su ne duniya rabin awa ta ishe su. Dogon kiɗa a tarihin rok aikin ƙodago ne tun farkonsa, na wanda bai isa ya ce ya gaji ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun The Beatles a wannan lungun suka yi shi.

Daga Hamburg muka yi kudu zuwa Halberstadt, ƙaramin gari a jihar Saxony-Anhalt, a gindin duwatsun Harz. Yaron ya ce bai taɓa jin wani ya je garin da gangan ba. Abin da ya kai mu tsohuwar majami'ar Burchardi ce, ginin dutse da ya kusa shekara dubu, wanda bayan an daina ibada a ciki ya zama rumbu, ya zama wurin dafa barasa, har garken aladu ya taɓa zama. Yanzu babu komai a ciki sai bango tsirara da tsakuwa a ƙasa, sai wani ɗan ogan na katako mai bututun iska kaɗan. An rataya ƙananan buhunan yashi a jikin madannansa don su danne su, injin lantarki kuma na hura iska dare da rana. Amo ɗaya ne ke fita, ba ya hawa ba ya sauka.

"Kawu, wannan ai ƙarar firji ce."

Ban musa masa ba. Na dai ce ya zagaya, domin in kana tafiya a cikin ginin amon na canza kama a kunnenka, nan ya yi kauri, can ya yi rawa. Kiɗan na John Cage ne, ɗan Amurka, shafi takwas kacal, kuma umarnin da ya rubuta a kai shi ne a kaɗa shi a hankali iyakar iyawa. Cage ya mutu a 1992, sai wasu masana da makaɗa suka zauna suka tambayi kansu iyakar iyawar ogan. A babbar majami'ar garin an gina wani shahararren ogan a 1361, daga nan zuwa 2000 shekara 639, sai suka ce to shekara 639 za a yi ana kaɗawa. An fara ranar 5 ga Satumba, 2001, ranar zagayowar haihuwar Cage, za a gama a 2640. Da yake rubutun ya buɗe da ɗan shiru, sai da aka yi wata 17 ba a jin komai sai hucin iska, amon farko ya fito a Fabrairun 2003. Duk ranar da za a canza amo mutane kan cika wurin, su zuba ido a zare bututu ɗaya ko a ƙara ɗaya, su yi tafi su watse. An canza ranar 5 ga Fabrairu, 2024, kuma jadawalin ya nuna 5 ga Agusta, 2026 a matsayin na gaba. A jikin bango akwai jerin allunan ƙarfe, kowanne da shekararsa, waɗanda mutane suka ba da gudummawa aka rubuta musu abin da suke so. Na ga shekarun da jikokin jikokin masu rubutun ma ba za su gani ba.

Abin ya burge ni ta fuskar amana, mutane sun fara aikin da suka san wasu ne za su ƙarasa. Amma a matsayin wasa bai taɓa ni ba, domin babu mai zufa a wurin. Shi Cage ɗin da ransa ya yi wanda ya fi wannan cin jiki. A 1963, a wani ƙaramin gidan wasa a New York, ya tara masu fiyano suka dinga karɓar juna suna maimaita wani gajeren kiɗa na Erik Satie sau 840, kamar yadda Satie ya rubuta a kan takardar, suka yi awa 18 da minti 40. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan Wales, John Cale, wanda ba da jimawa ba ya zama ɗaya daga waɗanda suka kafa The Velvet Underground. Shekara 50 bayan haka, a Mayun 2013, ƙungiyar The National ta tsaya a wani gidan zane a New York ta rera waƙa ɗaya tilo sau 105 cikin awa shida. Waɗanda suka gani sun fi ba da labarin yadda muryar mawaƙin ta dinga karyewa, da yadda 'yan'uwansa ke rufa masa asiri.

Jirgin ruwan Helsinki daga Travemünde yake tashi, kusa da Lübeck, cikin tsakar dare, kuma kimanin awa 30 yake yi a tekun Baltik. Yawancin fasinjojin direbobin manyan motoci ne da iyalai masu zuwa hutu. Da gari ya waye na hau sama shan iska, na tarar da wani dattijo Ba'amurke, furfura ɗaure a ƙeya, sanye da rigar da aka buga sunayen garuruwan rangadin Springsteen a bayanta. Magana ɗaya ta ishe mu sabawa. Ya ce shi tun yana saurayi yake bin makaɗa gari-gari, kuma awa huɗun da nake ta zuzutawa, a wurin mutanensa somin-taɓi ce.

Shi ya ba ni labarin Winterland, wani tsohon zauren wasan ƙanƙara a San Francisco da Bill Graham ya mayar gidan kiɗa. Daren da za a rufe shi, 31 ga Disamba, 1978, 'yan ƙungiyar Grateful Dead suka hau da ƙarfe 12 na dare, suka yi zango uku, ba su sauka ba sai da asuba ta gabato, sannan Graham ya ciyar da duk wanda ya rage karin kumallo. An rushe ginin a 1985. Ya kuma ba ni na Big Cypress, a yankin ƙabilar Seminole cikin fadamun Fulorida, inda ƙungiyar Phish ta tara mutum kimanin 80,000 a daren shiga shekarar 2000, daren da duniya ke fargabar kwamfutoci za su rikice. Sun fara dab da sha biyu, suka yi fiye da awa bakwai babu hutu, sai da rana ta fito. Har ban-ɗakin tafi-da-gidanka aka ajiye musu a kan dandamali don kada wani ya sami hujjar sauka.

Na tambaye shi, "Dattijo, ina suke samun waƙar da za ta cika dare?"

Ya ce ai ba yawan waƙa ba ne. Waƙar da take minti biyar a faifai, su sai su buɗe tsakiyarta su shiga, mai jita ya jefo wani abu, mai ganga ya cafe, a yi ta tafiya rabin awa kafin a dawo gida. Shi ya sa babu dare biyu da suke zama iri ɗaya, shi ya sa kuma mutum zai sayi tikitin dare goma a jere. Na ga hikimar kasuwa a ciki, ko da shi bai kira ta haka ba. Grateful Dead sun bar magoya bayansu su naɗi wasanninsu a kaset su yi ta musaya, kowane kaset kuwa talla ne ga wasan gaba. Phish sun yi dare 13 a Madison Square Garden a 2017 ba su maimaita waƙa ko ɗaya ba.

Wani dogon kiɗan kuma rashin tsari ne ya haife shi. Taron kiɗa na Woodstock, a Agustan 1969, kwana uku aka shirya, ruwan sama da cunkoso suka yi ta tura jadawali har The Who suka hau da asubahin Lahadi, Jimi Hendrix kuma, wanda shi ne zai rufe taro a daren Lahadi, sai da safiyar Litinin ya samu hawa, bayan yawancin mutum 400,000 ɗin sun kama hanya sun bar taɓo da shara.

Yaron ya same mu da wayarsa, ya tanadi nasa makamin tun kafin intanet ta ɗauke a tsakiyar teku. Kundin Guinness ya buɗe mana. Chilly Gonzales, ɗan Kanada, ya yi awa 27 da minti 3 a kan fiyano a Paris a 2009. Sunil Waghmare ya yi awa 105 yana waƙa a Indiya a 2012. A wata mashaya a garin Stouffville na Kanada, a 2017, makaɗa suka yi ta karɓar juna sama da awa 437. Akwai kuma masu tseren garuruwa: The Flaming Lips sun yi wasa takwas a gari takwas cikin awa 24 a 2012, Frank Turner ya yi 15 a Ingila a Mayun 2024. Ya ce to ina awa huɗun Kawu a nan?

Ba'amurken ya ɗaga kafaɗa kawai. Ni na ce ya karanta mana ƙa'idojin. Mai neman irin wannan kambu yana da hutun minti biyar a kowace awa, yana iya tara su ya kwanta. Tsakanin waƙa da waƙa kada a wuce daƙiƙa 30. Dole a sami shaidu masu riƙe da agogo suna rubutawa, suna canjin aiki. Wahala ce ta gaske, ban raina ta ba, mutum na iya fita hayyacinsa a dare na uku. Sai dai a irin wannan wasa agogo ne babban baƙo, shi ake yi wa kiɗan, mutane kuwa shaidu ne. Babu wanda zai ce maka a awa ta 80 aka rera waƙar da ta sa shi kuka.

Mun sauka a tashar Vuosaari da hantsi, muka shiga gari da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Filin Olamfik fari ne tas, da siririyar hasumiya mai tsawon mita 72. An gama shi a 1938, aka yi wasannin 1952 a ciki, aka kuma sabunta shi tsakanin 2016 da 2020. A gabansa akwai mutum-mutumin Paavo Nurmi, gwanin dogon gudu mai zinare tara a Olamfik, ƙafa ɗaya a sama. A gindinsa muka ga mutane zaune a kan kwali, kowanne da lamba rubuce a bayan hannunsa da alƙalamin maka. Masu son tsayawa dab da dandamali ne. Su da kansu suke tsara layinsu tun kwanaki kafin wasa, ana kiran lamba safe da yamma, wanda bai amsa ba ya koma baya. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, su sun riga sun yi nasu gudun.

Mu can tsakiya muka tsaya. Wata mata 'yar ƙasar, wadda za ta yi sa'ar ƙanwata, ta ji muna gardamar awa huɗu, ta ce ai tana nan ranar, 31 ga Yuli, 2012. Tun kafin lokacin farawa mutumin ya fito shi kaɗai da jita ya yi wa waɗanda suka zo da wuri waƙa biyar, kuma ba a ma sa wannan cikin lissafin ba. Sannan tawaga ta fito aka yi waƙa 33. Yana da shekara 62, kuma daren ne na ƙarshe a rangadinsu na Turai, babu abin da zai tanada wa gobe. Ta ce ita ba ta duba agogo ba sai da ta fita ta ga yadda za ta koma gida ya zama abin tunani.

A Yulin 2024 shekararsa 74, kuma jiki magayi. A Satumban 2023 gyambon ciki ya sa ya ɗage duk sauran wasanninsa na shekarar, a Mayun 2024 kuma murya ta ƙi, aka ɗage na Marseille da Prague da Milan. Na shiga filin da shirin in ga tsoho yana lallaɓawa.

Babu wata ƙungiya mai share fage. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, sun kusa ashirin har da masu busa da 'yan amshi, shi ya fito a ƙarshe, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, aka ɗauka. Abin da na fara lura da shi, babu tsayawa. Kafin amon waƙa ya mutu ya riga ya ƙirga na gaba, ya wurga jitarsa sama wani ma'aikaci ya cafe ta a baya, an miƙo masa wata. Na bar kallonsa na koma kan mai ganga a babban allo, Max Weinberg, shekara 73, sanye da tabarau, baya a miƙe, idonsa kafe a kan bayan maigidansa. Ba ya kallon jama'a ko sau ɗaya. Kafaɗar Springsteen yake karantawa, in ta ɗaga ya san za a tsaya, in hannu ya sauka ya san za a buga. Mawaƙi na iya yin shiru ya bar wani ya busa, mai ganga kuwa in ya tsaya komai ya tsaya. In akwai wanda ya ci kambun Helsinki a 2012, ni a ganina wannan mutumin ne.

Da aka yi nisa na fara gane dabarar. Bayan waƙoƙi masu zafi uku ko huɗu sai a kawo mai sanyi da fiyano, kowa ya ja numfashi. In amshi ya zo sai ya juya makirufo ga jama'a, mutum dubu arba'in su rera masa, shi yana haɗiyar yawu. Yana sauka ya bi gaban layi yana gaisawa, Jake Clemons na busa saksofon a inda kawunsa Clarence ya tsaya shekara da shekaru kafin ya mutu a 2011. A tsakiyar wasan ya tsaya shi kaɗai ya ba da labarin abokinsa na ƙungiyarsu ta farko tun suna 'yan makaranta, wanda ya rasu a 2018 ya bar shi shi kaɗai a raye cikinsu. Daga nan na daina ganin tsawon wasan a matsayin nuna ƙarfi. Mutum ne da ya ƙirga waɗanda suka rage.

Ƙafafuna kuwa sun fara magana tun awa ta biyu. Na jingina da yaron, na canza ƙafa, na sake canzawa. Dare ya yi amma sararin bai yi duhu ba, haka Yulin ƙasar yake, sai ka rasa gane ko lokaci na tafiya. Can aka kunna duk fitilun filin, kowa na ganin kowa, tsofaffi masu sanƙo suna tsalle da 'ya'yansu. Ya tambayi jama'a ko sun gaji suna son tafiya gida, aka amsa masa da ihun da ya girgiza rumfa. Aka nuno hotunan Clarence Clemons da Danny Federici, mamatan tawagar, a allo. Daga ƙarshe ya sallami mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗarsu, ya dawo da jita da hamonika ya yi guda ɗaya ya tafi. Kimanin awa uku aka yi.

Ba mu yi saurin fita ba, don ni ba na iya sauri. Hakan ya sa na ga abin da yawancin mutane ba sa tsayawa gani. Tun jama'a ba su gama juya baya ba, wasu mutane masu baƙaƙen riguna da hular kwano suka mamaye dandamalin. Wannan na naɗe waya, wancan na kwance ganguna yana sa kowace a akwatinta, wasu sun ɗare can sama da igiya a ƙugu suna sauko da lasifikoki. Tun safe suke wurin, kuma sai sun loda komai a manyan motoci kafin su kwanta, domin ranar 15 ga wata akwai wasa a Stockholm.

Yaron na tsaye yana latsa waya, muryarsa ta dishe.

"Kawu, akwai jirgin ruwa da ke kwana ɗaya ya kai Stockholm. In duba mana ko akwai sauran tikiti?"

Na ce ya duba wa kansa guda ɗaya, ni kuma ya fara nemo mini inda zan zauna.